Ruwan da Kuka Kawo Daga Yamma

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera wasan intanet ɗin nan da yaran unguwarmu suke kira Tsibirin Dodanni, a duk ƙasar da Allah ya ajiye shi.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, kai da iyalinka da ma'aikatanka, har da wanda kuka ɗora wa aikin saukar da ruwan sama a cikin wasan, ko da yake ƙararsa na kawo. Sunan wasanku na Turanci ya fi ƙarfin bakina, shi ya sa na rubuta wanda yara suka raɗa masa. Wasiƙar kuma da Hausa na yi ta, domin da Hausa na yi ɓarnar. In babu mai jin ta a ofishinku ku nemi tafinta, amma ku roƙe shi ya rage mini kunya a hanya.

Sunana Isuhu. Gyaran fanka nake yi a Kakuri, gidana yana Makera, kudu da kogin Kaduna. Karatuna a fom tu ya tsaya, ba don makarantar ta ƙare ba, sai don ni da lissafi mun kasa fahimtar juna. Ni ne mutumin da ya nutsar da kekunan shanu goma sha biyu da wata farar ɓauna a kogi ranar wata Talata da hantsi, ina zaune a kan benci a shagona, ko ɗigon ruwa bai taɓa ƙafata ba. Dukiyar kuma ba tawa ba ce, ta 'yata ce da abokanta.

Bari in yi maka bayani, tunda na san ba ka san mu ba.

'Yata Zulai shekararta goma sha bakwai, kuma ta shekara biyu tana wasanku. A ciki ita ce madugun wata ƙungiya ta mutum tara, duk 'ya'yan unguwa. Mataimakiyarta ita ce Ngozi, 'yar maƙwabcina Oga Emeka bakanike, wanda katanga ɗaya ta raba gidajenmu shekara goma sha huɗu. Tare yaran nan suka tashi. Ngozi ta fi ni iya Hausa, kuma ta san inda ake ɓoye ƙanzo a kicin ɗinmu. Wata takwas yaran suka yi suna sare itace, suna fasa dutse, suna haƙo ƙarfe a cikin wasan, domin su gina ganuwarsu a ƙetaren wani kogi. Suka loda komai a kekuna, suka ajiye a bakin mashigi, suka yi alkawari ba za a ƙetare ba sai an gama jarrabawar fita sakandare.

Da jarrabawa ta matso na ƙwace wayar Zulai. Na yi jawabi ma, mai tsawo, a kan muhimmancin ilimi, ni mai fom tu. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Baba, na yarda. Amma dabbobin in suka kwana uku ba a ba su ciyawa ba mutuwa suke." Muka yi sulhu a kan ni zan riƙa ciyar da su. Ta rubuta mini ƙa'ida a 'yar takarda ta liƙa a bayan wayar: "Ka shiga. Ka danna buhun ciyawa. Ka fita. Kada ka taɓa ayarin." Wannan na ƙarshe ta ja masa layi biyu.

Makon farko na bi doka kamar sabon ɗan sanda. A mako na biyu aka ɗauke wuta kwana uku a jere, mai gyaran fanka kuwa in babu wuta zaman kallon titi yake. Sai na fara ɗan zagayawa a cikin wasan. A nan zan faɗi gaskiya, kun iya aiki. Na ga hazo yana sauka a kan duwatsu da safe, na ga ciyawa tana kwantawa in iska ta taso, na ga ƙanƙara fara tana zuba, abin da ban taɓa gani ba sai a cikin firij. Rana tana fitowa ta faɗi, inuwa tana juyawa. Har na riƙa kiran ɓaunar da sunan da Zulai ta sa mata, Madara, ina yi mata hira kamar wata tsohuwar abokiya. Wani ya kawo fanka tun safe, ban ɗaga kai ba sai da ya ce ko ya dawo in na gama kiwo.

Ranar Talatar da nake faɗa na je bakin mashigi na ga ruwa iya idon sawu, rana tana haske tas. Sai shaiɗan ya zauna kusa da ni a benci ya ce, Isuhu, ka ƙetare da kayan nan. Ranar da yarinyar ta fito daga takardar ƙarshe ka miƙa mata waya ka ce duba. Har fuskar da zan yi na gwada a madubin shago, fuskar mutumin da abin bai dame shi ba.

Na ɗaga kai na duba sama, domin ni ba sakarai ba ne. Na ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin, amma a yamma, inda ranarku take faɗuwa. Sai na yi dariya.

Ranka ya daɗe, ni ɗan Kakau ne. A gona na girma kafin masaƙa ta kawo mahaifina birni. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ruwa daga gabas yake zuwa. Hadarin da ka gani a yamma ya riga ya wuce ka, ya tafi jiƙa wasu. Matan unguwa ko shanya ba sa kwashewa saboda shi. Shekara arba'in da tara ina kallon sama, ban taɓa jin kunya a kan wannan ba. Saboda haka na kora ayari cikin kogi, Madara a gaba, ni a kanta sanye da sulken ƙarfe na Zulai.

Muna tsakiyar kogi allon ya yi duhu. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, daga yamma. Kafin in gano inda ake juya keke, ruwan da yake idon sawu ya kai wuyan shanu. Na ga katako yana tafiya, na ga keke yana kifewa a kan keke. Na danna duk abin da yake dannuwa, har buhun ciyawa na danna. Sannan tsawa ta faɗo a kaina, saboda ashe a ƙasarku mai sulken ƙarfe shi take nema. Da allon ya dawo, sai na ga Zulai ta cikin wasa tsaye a bakin gaɓa da 'yar shara, ba keke, ba shanu, ba Madara. Rana kuma ta fito tana haske kamar ba ta san komai ba.

Ga ƙorafina, kuma zan jera shi yadda masu ilimi suke yi.

Na ɗaya. Da izinin wa kuka kawo ruwa daga yamma? Na tambayi Zulai daga baya, ta ce a wasanku yanayi da kansa yake sauyawa, ba shi da gabas ba shi da yamma, na'ura ce take juya shi yadda ta ga dama don kada 'yan wasa su haddace. To na ji. Amma kun yi rana mai fitowa daga gabas, kun yi inuwa mai bin ta daidai, kun yi komai kamar na Allah har mutum ya saki jiki, sannan a kan abu ɗaya da manomi ya dogara da shi kuka saki na'ura ta yi caca. In za ku yi ƙarya ku yi ta gaba ɗaya, ku sa rana koriya, mu san ba gida muke ba.

Na biyu. Ruwan kirki yana sallama kafin ya shigo. A nan sai iska ta fara zuwa ta kwashe ledoji ta buga ƙofofi, sai ka ji ƙanshin ƙasa, tururuwa ta fito da ƙwanta a baki, tsattsewa ta yi ƙasa-ƙasa. Ko makaho ya san ya nemi rumfa. Naku babu ko ɗaya. Ya faɗo mini kamar mai karɓar haraji. Na san ba za ku iya sa ƙanshi a waya ba, amma iska fa? Kuna da ita, na gan ta tana wasa da ciyawa ranar da babu abin da zai faru.

Na uku. An ce kun yi gargaɗi, kuma ba zan musa ba. Wani ɗan akwati ya fito a kusurwar allo da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, da Turanci mai dogayen kalmomi. A wayoyinmu duk akwatin da ya fito a kusurwa talla ce, ko ta bashi ko ta maganin ƙiba, kuma babban yatsana ya saba kore su tun kafin idona ya karanta. Na kore shi. Ya dawo, na sake kore shi, har na ce masa ba na saye. In abu ya kai ga halaka aikin wata takwas, ai ya cancanci babban rubutu a tsakiyar allo, da ja, da ƙara.

Na huɗu. Kogin Kaduna da kuke ji, in zai cika yana ɗaukar kwanaki, masu lambu a bakinsa suna ganin yana hawa su kwashe abin da za su kwashe. Naku ya cika kafin in gama salati ɗaya. Wannan ba kogi ba ne, bokiti ne.

Na biyar shi ne wanda na fi jin nauyin rubutawa, kuma a nan wasa ya ƙare.

Da yamma Zulai ta dawo daga jarrabawa, 'yan ƙungiya sun riga sun gani a wayoyinsu, labari ya iso gida kafin ni. Ta tare ni a zaure, ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce, "Baba, ka taɓa ayarin?" Na dubi 'yata na ce, "Ni? Ciyawa kawai na ba su na fita." Da ta yi kuka a lokacin wataƙila da na faɗi gaskiya. Ba ta yi ba. Ta gyaɗa kai kawai, domin ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba sai irin ta barkwanci, wadda kowa ya san ƙarya ce.

Abin da ban lissafa ba, kuma na gaya maka ni da lissafi ba ma shiri, shi ne mutum biyu ne kaɗai suke da lambar sirrin Zulai ban da ita. Ni da Ngozi. Da na cire kaina, sai ya rage saura ɗaya.

Kwana tara na yi shiru. A kwana taran nan na ga yaran da suke fita jarrabawa tare kullum, suna tsayar da keke napep ɗaya, sun koma kowa da nata. Na ji ta katanga Ngozi tana rantsuwa tana cewa, "Zulai, ni zan yi miki haka? Ni?" 'Yan ƙungiya suka cire ta daga mataimakiya. Mahaifiyarta, wadda duk ranar Asabar take leƙowa su yi tsinkar alayyafo da Maman Zulai, ta daina leƙowa. Yarinyar nan ta rubuta takardu huɗu da wannan abu a ƙirjinta. Oga Emeka kuwa bai fasa gaishe ni ba ko sau ɗaya. Wata safiya ma ya tsaya a shagona ya ce, "Malam Isuhu, yaran nan sun ɓata a kan wasan waya. Kai kana da baki, ka yi musu magana mana." Na ce masa in sha Allahu. Har na ƙara da cewa yaran zamani sai haƙuri. Ni na faɗi haka, da bakin nan nawa.

Kullum ina cewa gobe zan faɗa. In gobe ta zo sai in ce bari a gama jarrabawa, kada in tayar mata da hankali. Ƙarya nake, ranka ya daɗe. Hankalin da nake tsoron ya tashi nawa ne. Ni ne mai ba da dariya a layinmu, ni ake kira in an yi suna ko biki in riƙe taro. Na kasa jure a ce dariyar ta koma kaina, sai na bar yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta ɗauke mini kayan.

To ashe wasanku yana ɗaukar bidiyon duk wata babbar asara ya ajiye, kuma in makirfo yana buɗe har da murya. Ni ban san yana buɗe ba. Ban ma san akwai shi ba. A rana ta goma wani ɗan ƙungiyar ya tono bidiyon ya tura wa kowa. Ana ganin ayari yana shiga ruwa, sai ga muryar wani dattijo tana cewa cikin isa, "Hadarin yamma ne, ba ya zuba. Madara, mu je!" Bayan ɗan lokaci muryar ta koma salati da kiran sunan mahaifiyata, wadda ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. A ƙarshe ana jin wani yana tambaya ko fankarsa ta gyaru.

Da na fara wannan wasiƙa niyyata in yi ƙarar ku a kan ɗaukar muryar mutum ba da saninsa ba. Na rubuta, na karanta, na soke. Wannan bidiyon shi ya wanke Ngozi, aikin da ni ya kamata in yi tun ranar farko da kalma uku. Na'urarku ta fi ni mutunci. Saboda haka ƙorafi na biyar na janye shi, na bar lambar ne kawai don kada a ce ban iya ƙirga ba.

Yanzu daga Makera har Kakuri sunana Baba Hadarin Yamma. Masu keke in sun wuce shagona sai su leƙo su ce, "Baba, yau zai zuba?" Ina dariya tare da su, domin na cancanta, kuma wannan ba ya ciwo sosai. Abin da yake ciwo a gida yake. Zulai ba ta yi mini rashin kunya ba, ko ɗaga murya ba ta yi ba. Tana gaishe ni da safe a durƙushe, tana kawo mini abinci. Amma da in na buɗe baki tun kafin in kai ƙarshen zance take faɗuwa da dariya, ita ce babbar mai saye a kasuwata. Yanzu in na yi barkwanci sai ta ce, "To, Baba," ta ɗauki kwano ta fita. Maman Zulai kuwa abu ɗaya ta ce da ni, "Kai da aka ba ka aikin ciyawa."

Ga abin da nake roƙo.

Na farko, ku mayar wa yaran nan kayansu, kekuna goma sha biyu da shanunsu da Madara. Ba su yi laifin komai ba, suna ɗakin jarrabawa aka yi musu ɓarna. In dokarku ta ce sai an hukunta wani, ga ni. Ku hana ni shiga wasanku har abada, ku rubuta sunana a ƙofa, ba zan ɗaukaka ƙara ba.

Na biyu, ku yi wa masu wasa ƙaramin mabuɗi da za su iya ba iyayensu, wanda ba ya buɗe komai sai rumbun ciyawa. Ba ni kaɗai ba ne uban da yake ƙwace waya lokacin jarrabawa, kuma ina tabbatar maka ba ni kaɗai ba ne wanda hannunsa yake ƙaiƙayi.

Na uku, ku ɗauki manomi aiki, ko guda ɗaya, ku zaunar da shi kusa da mai kula da ruwan saman nan. Ku bar yanayinku ya riƙa sauyawa, yana da kyau, ni ma ya burge ni. Amma ya riƙa sallama, kuma ya tsayar da gefen da yake fitowa. In kun ga dama ku sa gargaɗin da Hausa, muna da yawa a ciki fiye da yadda kuke zato.

Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya ba ka lafiya da zuri'a masu jin magana, ya kuma tsare ka daga ranar da ɗanka zai yi maka tambaya a zaure ka ba shi amsar da ba ita ba.

Saura abu ɗaya, wanda ba ya hannunku. Shekaranjiya na kira Zulai na ce mata ta yafe mini, na kuma gaya mata ina rubuta muku a dawo da kayan. Ta ce, "Baba, kaya ko ba su dawo ba za mu sake tarawa. Ni na je na ba Ngozi haƙuri, ta ce ba komai, amma ba ta dube ni ba. Ba ni za ka roƙa ba."

Sau biyu na je ƙofar gidan Oga Emeka. Na farko na tsaya, na gyara hula, na wuce kamar mai zuwa sayen kati. Na biyu na yi sallama ya fito, sai na ji bakina yana tambayarsa ko fankarsu tana lafiya. Ya ce, "Lafiya lau take, Malam Isuhu. Akwai wani abu?" Ngozi tana tsakar gida tana wanki, ta ɗago ta ce, "Sannu, Baba," kamar yadda take faɗa tun tana 'yar ƙarama. Na ce babu komai, na dawo.

Ranar Lahadi in sun dawo daga coci zan koma, da Zulai da mahaifiyarta, in faɗa wa Ngozi a gaban iyayenta, ba tare da barkwanci ko ɗaya ba, wanda ban taɓa gwadawa ba a rayuwata. Na rubuta shi a nan ne, kuma zan liƙa kwafin wasiƙar a ƙofar shagona inda duk unguwa za ta karanta, don kada in sake zuwa in tambayi fanka. Har zuwa lokacin da nake ajiye alƙalamin nan ban biya yarinyar nan haƙƙinta ba, kuma daga ƙofata zuwa tasu taku goma sha ɗaya ne.

Wassalam, daga mai kunya,

Isuhu mai gyaran fanka,
Makera, Kaduna.